Yadda ake neman alfarma da Turanci cikin ladabi, da yadda ake amsawa

Yawancin waɗanda nake koya wa Turanci a ajin yamma manya ne: 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Guangzhou saro kaya, malaman jinya masu shirin tafiya Ingila, da samari da 'yan mata masu neman gurbin ƙaro karatu. Babu wanda za a koya wa ladabi a cikinsu, da shi aka raine su. Amma da zarar ɗayansu ya buɗe baki da Turanci zai nemi wani abu, sai ka ji kamar umarni yake bayarwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bahaushe yana zuba ladabinsa ne a gaisuwa, da rusunawa, da kiran mutum Malam ko Hajiya ko ranka ya daɗe, da cewa don Allah. In ya gama waɗannan, buƙatar kanta kai tsaye take fita: ba ni, miƙo min, zo nan. Bature gaisuwarsa gajeriya ce. Nasa ladabin a cikin ginin jimla yake, wato yakan mai da umarni ya koma tambaya don wanda ya roƙa ya sami damar cewa a'a. In ka riƙe wannan, ka riƙe tushen abin, saura koyon jimlolin da gwaji.

Kayan aiki

Ka tanadi ƙaramin littafin rubutu wanda ba ka yin komai da shi sai wannan. Ka tanadi waya mai ɗaukar murya, da ƙamus na masu koyon Turanci irin wanda ke furta kalma in ka taɓa ta. Sannan abokin gwaji, ko da bai fi ka iyawa ba, muddin zai yarda ku riƙa musayar matsayi. In babu aboki, ka riƙa tura wa kanka saƙon murya ta WhatsApp kana saurare. In kuɗin data ya yi maka wuya, duk ranar da ka sami intanet na kyauta ka sauke 'yan darussan BBC Learning English ka ajiye a waya.

Abu mafi amfani shi ne wannan: a shafin farko ka rubuta da Hausa buƙatu goma waɗanda da gaske kake nema a rayuwarka. Ɗan kasuwa ya rubuta neman ragi da neman a jinkirta masa biya. Ɗalibi ya rubuta neman ƙarin lokaci da neman takardar shaida daga malami. Da su za ka yi aiki har ƙarshe. Misalan littattafan makaranta na neman a miƙo gishiri a kan tebur ba su cika zama a kai ba, saboda ba ka da ranar amfani da su.

Mataki na 1: Auna kafin ka yi magana

Ka tambayi kanka abu uku. Wa nake roƙo, na sama da ni ne ko tsarana? Yaya sabonmu yake? Abin da nake nema, wane irin nauyi zai ɗora masa? Aron biro daga abokin aiki daban yake da neman shugabanka ya ba ka hutun mako biyu a tsakiyar aiki. Gefen kowace buƙata a littafinka ka rubuta "ƙarama", "matsakaiciya" ko "babba".

Mataki na 2: Haddace tsani mai hawa huɗu

Hawan farko, na abokai da 'yan gida da ƙananan buƙatu: "Can you send me the photo?"

Hawa na biyu, na kowa da kowa: "Could you send me the receipt, please?"

Hawa na uku, in abin zai ɗan takura mutum ko ba ku saba ba: "Would you mind waiting a few minutes?"

Hawa na huɗu, na babbar alfarma ko babban mutum: "I was wondering if you could write me a reference."

Za ka lura could da would da was wondering duk siffar abin da ya wuce gare su. Kada wannan ya ruɗe ka, ba maganar jiya ake yi ba. Turanci yana amfani da siffar don ja da baya kaɗan, kamar yadda mu muke cewa "ko da hali" ko "da za ka taimaka".

Kula da aikatau ɗin da ke biyo baya, wato kalmar aiki irin su send, don nan ne aka fi tuntuɓe. Bayan can da could da would, aikatau tsurarsa yake zuwa. "Could you send" ake cewa, ba "could you to send" ba, ba kuma "could you sending" ba. Amma bayan mind dole ya ɗauki -ing: "would you mind closing", "would you mind helping". In kuma so kake mutum ya daina wani abu, sai ka sa not a gaba: "Would you mind not smoking here?"

In kanka ya ɗaure a tsakiyar magana, ka manta da sauran ukun ka kama na biyu. "Could you… please?" ba ya yi wa mai shago yawa, ba ya yi wa farfesa kaɗan. Ni da shi nake fara kowane sabon ɗalibi, ba na barinsa ya hau gaba sai ya zauna masa a baki.

Wani gargaɗi da ba a cika yi ba: wuce gona da iri ma laifi ne. In ka ce wa abokinka na ƙut-da-ƙut "I was wondering if you could possibly pass me the water", zai ɗauka ko fushi kake ko ba'a kake masa.

Mataki na 3: Rarrabe irin roƙon

Wanda muka gani a sama shi ne neman wani ya yi maka aiki, shi ya sa you ke ciki. In izini kake nema, kai ne mai aikin, don haka I ke shiga: "Can I sit here?", "Could I use your charger?", "May I come in?", "Do you mind if I open the window?" May ta fi sauran tsari irin na ofis da aji. Amma fa da I ko we take tafiya a wajen roƙo. Ina yawan jin "May you help me", kuma kuskure ne. Ga kunnen Bature wannan ya fi kama da addu'a, irin ta Allah ya ja kwana.

In kuma wani abu kake so a ba ka, a kanti ko gidan abinci ko wajen sayen tikiti, ka guji "I want" da "Give me". Mu "ina son shayi" ba ta da aibi ko kaɗan, amma "I want tea" maganar ƙaramin yaro ce a wajensu. Ka ce "Could I have a tea, please?" ko "I'd like two tickets to Manchester, please." A Amurka za ka ji ana cewa "Can I get a coffee?", wannan ma daidai ne a can.

Mataki na 4: Shimfiɗa, da wurin sa please

Ba a afka wa mutum da buƙata ko a Turanci, sai dai shimfiɗar ba ta da tsawo. Ga baƙo a hanya, "Excuse me" ta wadatar. Ga wanda ka tarar yana aiki, "Sorry to bother you" ko "Have you got a minute?" Kada ka jero tambayar gida da iyali da gajiya kamar yadda muka saba. A ofishin Landan in ka yi haka, mutum zai ƙosa yana jiran ka faɗi abin da ya kawo ka, har ya fara zargin wata babbar magana ce.

Game da please, ɗalibai sukan ɗauka ita ce don Allah, in an manna ta a gaban kowace magana an gama. "Please give me your number" har yanzu umarni ne, an dai sassauta shi. Irin wannan ya dace da allon sanarwa ko ma'aikaciyar jirgi mai cewa a ɗaura bel. A roƙo tsakanin mutum da mutum, ka fara mai da maganar tambaya, sannan ka sa please a ƙarshe ko a tsakiya: "Could you call me back, please?" ko "Could you please call me back?" Ka yi hattara da ta tsakiyar, don in ka danna ta da ƙarfi tana nuna haƙurinka ya ƙare. Sau ɗaya kuma ya isa. Maimaita ta sau uku magiya ce, kuma magiya tana sa Bature jin an matsa masa.

Bayan roƙon ka ƙara gajeren dalili da lokaci: "Could you check this for me by Thursday? I have to submit it on Friday." Jimla ɗaya ta dalili ta isa.

Sai kiran suna. A Najeriya Sir da Ma suna aiki sosai, ka ci gaba da amfani da su. A Ingila ba a cewa Ma a ofis, kuma a jami'o'insu da yawa ɗalibi da sunan fari yake kiran malaminsa. Na san wannan yana yi wa wanda aka raina da alkunya nauyi. In ba za ka iya ba, ka haɗa Dr ko Mr ko Ms da sunan dangi, wato na ƙarshe, har sai shi da kansa ya ce ka kira shi da na farko.

Mataki na 5: Tsince kurakuran gida

Yanzu ka fassara buƙatunka goma, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana neman waɗannan.

Na farko aro. Mu da kalma ɗaya muke ara wa mutum muke kuma ara daga gare shi, Turanci kuwa ya raba. Mai karɓa borrow yake yi, mai bayarwa lend. Don haka "Borrow me your pen" ba daidai ba ne. Ko dai "Could you lend me your pen?" ko "Could I borrow your pen?"

Na biyu "help me". A nan gida in ka ce "Help me close the door" kowa ya san nufinka a rufe maka ƙofa. Bature zai taso ne ku kama ƙofar ku biyu. Abin da kake nufi shi ne "Could you close the door for me?"

Na uku jerin kalmomi in tambaya ta shiga cikin tambaya. "Where is the bank?" daidai ne, amma in ka sa mata "Could you tell me" a gaba, is tana komawa ƙarshe: "Could you tell me where the bank is?" Haka "What time does it open?" take zama "Do you know what time it opens?"

Na huɗu na 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi ne waɗanda suka yi boko da Faransanci. A Faransanci demander roƙo ne kawai, amma demand a Turanci nema ne da ƙarfin tsiya. Wanda ya rubuta "I demand your help" ya ɓata rawarsa da tsalle. Ask ko request ake so. Sai dai su ma suna da tasu garaɓasar: bambancin pouvez-vous da pourriez-vous shi ne na can you da could you, don haka mataki na biyu ba ya ba su wahala.

Na biyar kindly. Takardun ofisoshinmu cike suke da "Kindly do the needful" da "Kindly revert". A nan ba wanda zai ɗaga gira. Amma ga ɗan Ingila kindly a gaban umarni takan zo da ƙanshin faɗa, irin na mai gidan haya da ya gaji da bin bashi. In wasiƙar waje za ta, ka sauya ta da "Could you please".

Mataki na 6: Gyara murya

Jimla mai kyau in an faɗe ta da murya a tsaye, umarni take komawa. Ka fara da taushi, ka ɗan ɗaga murya a ƙarshe kamar mai tambaya da gaske. Harafin l na could da would ba a furta shi, kuma in sun haɗu da you a maganar yau da kullum sukan narke su zama kamar "kuju" da "wuju". Sai p ta please, wadda bakinmu ke son mai da ita f. Ka haɗe leɓɓanka gam, ka riƙe 'yar takarda a gaban baki, ka sake iska da ƙarfi. In takardar ta motsa, ka samu. Ka ɗauki muryarka kana karanta buƙatun goma, ka kwatanta da ta ƙamus. Kuma ka dubi fuskar mutum lokacin da kake roƙonsa. Sunkuyar da kai da muke yi don girmamawa, Turawa sukan karanta shi a matsayin rashin gaskiya ko rashin kulawa.

Mataki na 7: Amsawa da to

Wannan mai sauƙi ne. Ga aboki "Sure" ko "No problem". A wurin aiki "Of course" ko "Certainly". In abu kake miƙawa "Here you are". In izini aka nema "Go ahead". Kada ka ce "Yes" kawai ka yi shiru, kuma kada ka ce "Yes, I could", don kamar ka ce kana iyawa ne amma ba ka ce za ka yi ba.

Tarkon yana wajen mind. "Would you mind moving your bag?" ma'anarsa ko zai dame ka. In ka yarda, amsar "Not at all" ce ko "No, that's fine". Wanda ya ce "Yes" ya ce zai dame shi ke nan. In ka ji kana shakka, ka ce "Sure, no problem" kana ɗauke jakar, aikin hannunka zai fassara maganar.

In wani ya kira ka kana tsakiyar aiki, kada ka fassara "ina zuwa" ka ce "I'm coming" sannan ka juya ka tafi wani wuri. Ka ce "Just a moment" ko "I'll be right back". In an gode maka, "You're welcome" ko "My pleasure".

Mataki na 8: Cewa a'a, da gane a'ar wani

Nan ne ya fi yi wa mutanenmu wuya, kuma ba matsalar nahawu ba ce. Kunya ba ta barin Bahaushe ya ce wa babba a'a a fuska. Sai ya ce "to, bari mu gani", ko "in Allah ya yarda" da wata irin murya, kuma mai roƙon ya gane an sallame shi ba tare da an ci masa fuska ba. In ka kwashi wannan ka kai Turanci ka ce "OK, no problem" alhali ka san ba za ka yi ba, Bature zai rubuta a ajandarsa cewa ka ɗauki alkawari. Ranar da bai ga aiki ba, ba zai ce kana da kunya ba, zai ce ba ka da amana. A wurinsu a'a mai ladabi tun da wuri ta fi to ɗin da ba a cika ba daraja nesa ba kusa ba.

Ga yadda ake gina ta, gaɓa uku. Ka fara da nuna rashin jin daɗi: "I'm sorry" ko "I'm afraid". Wannan afraid ɗin ba tsoro ba ne, share fage ne na labarin da ba a so. Sai gajeren dalili. Sai ka miƙa wata mafita in akwai. Misali: "I'm afraid I can't stay late today, I have to collect my children. I could come in early tomorrow if that helps." Ga gayyata ko roƙon aboki: "I'd love to, but I'm travelling that weekend." In ba ka son faɗin dalili, ba dole: "Sorry, I won't be able to this time." In kuma da gaske ba ka sani ba tukuna, ka sa wa kanka wa'adi: "Can I check and let you know by Monday?" Ran Litinin kuwa ka kira, ko da a'a ce amsar.

Su ma suna da nasu kewaye-kewayen, musamman mutanen Ingila. In ka nemi abu aka ce "That might be a bit difficult" ko "I'm not sure that would be possible", yawanci an hana ka ne. Kada ka dage kana ciniki kamar a Kantin Kwari. Ka ce "I understand, thanks anyway", sannan in kana so ka tambaya: "Is there anyone else I could ask?" Haka kuma in shugabarka ta ce "Could you finish this before you go?", siffar tambaya ce amma aiki aka ba ka. In akwai uzuri ka faɗa nan take, in babu ka ce "Of course".

In ba ka ji abin da aka nema ba, kada ka gyaɗa kai don kunya, kuma kada ka ce "What?" Ka ce "Sorry, could you say that again?" ko "Could you speak a little more slowly, please?"

Mataki na 9: Roƙo a rubuce

A imel babu murya babu fuska, don haka ka hau sama da hawa ɗaya bisa abin da za ka faɗa da baki. Ka faɗi ko kai wane ne a layi ɗaya, ka kawo buƙatar a sakin layi na farko, ka sa rana, ka yi godiya. Ga samfuri:

"Dear Dr Brown, I was in your statistics class last year. I am applying for a master's programme and would be grateful if you could write me a reference. The deadline is 30 June. I have attached my CV. Thank you for your time."

In ka buɗe da sunan mutum, ka rufe da "Yours sincerely" ko "Kind regards". In da "Dear Sir or Madam" ka buɗe, ka rufe da "Yours faithfully", kamar yadda ake koyarwa don jarrabawar WAEC da NECO. Ka bar kirari da jerin yabo da "I humbly beg", ka bar rubuta URGENT da manyan haruffa. Masu shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, ɓangaren General Training, su sani aikin rubutu na farko wasiƙa ce ta aƙalla kalma 150, a cikin minti 20 da ake ba da shawara, kuma dacewar salon da wanda ake rubuta wa yana cikin abin da ake dubawa.

In mako ya wuce ba amsa, ka tuna masa ba tare da zargi ba: "I just wanted to follow up on my email of 3 June." Kada ka rubuta "I am still waiting."

Mataki na 10: Gwaji

Kai da abokinka ku ɗauki buƙata ɗaya kowace rana. Ka roƙe shi ita sau uku: yana matsayin ƙaninka, yana matsayin baƙo, yana matsayin shugabanka. Shi kuma ya amsa da to sau ɗaya, da a'a sau biyu, don a'ar ce ba ta saba da bakinku ba. Sai ku juya. Ku ɗauki muryoyinku, ku saurara, duk wanda ya ji "borrow me" ko "may you" ko "yes" bayan mind ya tsayar da ɗan'uwansa a sake. In kai kaɗai ne, ka yi duka ɓangarorin biyu a saƙon murya, ka bari sai washegari ka saurara, don kunne ya fi kama kuskure in maganar ta kwana. In kun gama goman, ku rubuta wasu goma masu nauyi fiye da na farko, ku mai da uku daga ciki imel.